Idon Dillalin Littattafai

"Tsaya, Uwata! Tsaya haka nan... Me nake ji ne? Shanu?"

Mairama ta dakata da karatun. Tana zaune ne bayan asabarin da ya raba zauren gida biyu, inda take zama kullum idan mahaifinta ya yi baƙo. Ta tsakanin karan asabarin tana hango mai takardun da take karantawa: dogo ne siriri, da sanda a gicciye bisa cinyarsa, ƙafafunsa sun yi furu-furu don tafiya.

"Shanu ne, Baba," baƙon ya amsa a hankali. "Nawa ne."

"To ce maka aka yi ni dillalin shanu ne?"

"Ce mini aka yi kai ne kake ɗauko marubuci daga ƙauye ka kai sunansa birni."

Malam Nababa ya gyara zama a kan buzunsa. Maganar gaskiya ce. Shekara talatin ke nan duk wanda ya wallafa wani abu ko ya kwafi littafi a Birnin Gwari da kewayenta, zauren nan yake kawowa. Nababa ya san wane malami ne a Zariya zai so shi, wane attajiri a Kano zai sa a kwafa masa. Idan ya haɗa littafi da wasiƙarsa ya buga hatiminsa, ba a mayar da shi. Sai dai yau shekara biyar ke nan da yanar ido ta rufe masa gani, 'yarsa ce take karanta masa komai.

"Bari in gaya maka abin da nake ɗauka," in ji shi. "Fikihu mai kyan hannu, alƙalan Zariya na jiransa. Nahawu na ɗaliban Kano ne. Waƙar wa'azi da Hausa, irin wadda mata za su haddace suna daka, har Bida ana nemanta. Begen Annabi kuwa ba ƙofar da ba ya shiga. Masu rubuta mini kuma na san su, na san malamansu. Kai wa ya karantar da kai?"

"Wani tsoho ne a rugarmu, can gefen Randagi. Ya rasu."

"Sunanka?"

"Ja'afaru."

"Shanu nawa suka rage maka?"

"Ko ɗaya, Baba..."

Shekarar nan ce annoba ta bi daji ta share shanu, har mutane suka sa mata suna Sannu, don idan ka haɗu da Bafulatani ba ka da abin ce masa sai sannu.

"Baba," Mairama ta ce daga bayan asabari, "ka bar ni in kai ƙarshen baitin."

Ba ta jira amsarsa ba. Ta ci gaba:

"Na kira Wule da safe ba ta waiwayo ba,
Na kira Fure har rana ta take, ba ta taso ba,
Ga igiyar maruƙa a shimfiɗe, ga ƙwarya a kife,
Ya Rabbi, ban ce don me ba... ban ce don me ba."

Muryarta ta karye a layin ƙarshe. Ta yi sauri ta toshe baki da gefen mayafinta.

Nababa ya shafa gemunsa.

"Kuka ne," ya ce daga baya. "Kuka mai kyau, amma kuka ne. Ba wa'azi ba ce, ba bege ba ce. Wa zan kai wa? In na aika da wannan ce za a yi tsufa ya taɓa Nababa. Ba zan ɗauka ba, yaro. Uwata, yaya hannunsa?"

Rubutun a karkace yake, kamar sawun tsuntsu.

"Zai gyaru, Baba," ta ce.

"To in kana son tuwo, ka zo gobe da hantsi ka yi mini kwafi. Je ka wurin Liman Jumare ka ce ni na aiko ka, zai ba ka wurin kwana."

Ja'afaru ya yi godiya ya miƙe. Mairama ta turo masa takardunsa ta ƙarƙashin asabari, shi kuma ya mayar mata.

"Ki riƙe, Malama. Rigata na bayar aka ba ni takardun nan. Ba ni da inda zan ajiye su, ruwa zai ci su."

Gidan Nababa ɗaki huɗu ne, mutum biyu a ciki. Mahaifiyar Mairama ta daɗe da rasuwa. Yayanta Gambo ya bi fatake Gwanja shekara bakwai da suka wuce, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ita kanta ta yi aure a Kazage, wata takwas kawai zazzaɓi ya ɗauke mijin, ta dawo gida ta tarar idon mahaifinta ya fara tafiya. Tun daga nan ta zama ita ce idonsa. Masu neman aurenta suka zo suka gaji suka daina. Yini guda yakan wuce ba ta ji muryar kowa ba sai ta Baba da tata, ita ma tata a kan takardun wasu.

Sai ga Ja'afaru kullum da hantsi.

Yakan zauna a bakin ƙofa inda haske yake, ya feƙe alƙalami ya fara kwafi. In ya gama shafi ya tura mata, ita ta duba.

"Wannan harafin naka ya sha giya ne? Dubi yadda yake tangaɗi!"

"Sanda hannuna ya saba da ita, Malama."

"To ka riƙe alƙalamin kamar ba za ka doki kowa da shi ba."

Ya yi dariya. Ranar ce ta fara jin dariyarsa, ita ma ta ji nata bakin yana murmushi ba ta shirya ba.

Bayan azahar barci yakan ɗauki Baba a zaune, carbi a hannu. Lokacin ne suke magana ƙasa-ƙasa, asabari a tsakaninsu.

"Wace ce Wule?" ta tambaye shi wata rana.

"Saniyar da Innata ta ba ni ranar sunana. Jikar jikarta ce ta mutu ƙarshe, ita ma Wule nake ce mata. Kwana biyu kanta na bisa ƙafata."

"'Yan'uwanka fa?"

"Ɗaya yana Kusasu yana yi wa mutane noma. Ɗayan kuwa... da safe ya ɗauki sandarsa ya shiga daji yana kiran shanu. Mun bi sawu kwana uku."

Ba ta ce masa sannu ba. Ta san ya ƙoshi da ita.

"Baiti na goma sha biyu yana ɗingishi," ta ce. "Harafi ɗaya ya yi yawa."

"Na sani. Da Fillanci nake kukan, da Hausa nake rubutawa. Wani wurin ba sa haɗuwa."

"Kawo mu haɗa su."

Haka suka bi waƙar baiti-baiti har baitocinta sittin suka miƙe. Kafin su kai ƙarshe, Mairama ta lura tana gane takunsa tun daga lungu. Ta lura ranar Juma'a da ba ya zuwa ta fi kowace rana tsawo.

"Ke fa, Malama?" ya tambaye ta. "Kina karanta na kowa. Wa yake jin naki?"

"Ni ba ni da waƙa."

"Kina da ita. Ina jin ta in kina karanta tawa."

Ta sunkuyar da kai, duk da ta san ba ya ganin fuskarta sosai.

Sau biyu tana sake yi wa mahaifinta maganar waƙar. Na biyun ya ɗaga mata hannu.

"Na ce a'a, Uwata. Sunana kaɗai ya rage mini, ba zan yi caca da shi ba."

Da ayarin Abarshi madugu ya tashi tafiya Zariya, Nababa ya sa ta ta ɗaure littattafai uku a gafaka, sannan ya yi mata shiftar wasiƙa zuwa ga Malam Usman, babban malamin da ya fi kowa karɓar kayansa. Ta rubuta duk abin da ya ce. Da ta kai ƙasan takardar sai ta ga sauran fili kamar faɗin yatsa uku.

Hannunta ya tsaya.

Ta tsoma alƙalami ta ƙara layi biyu: "Ga kuma wata waƙa ta wani makiyayi, Ja'afaru. Ba irin wadda na saba aiko maka ba ce. Ka karanta ta kai kaɗai tukuna."

"Karanta mini in ji," in ji Baba, kamar yadda ya saba.

Ta karanta masa, ta tsallake layin nan biyu. Ya lalubo hatiminsa ya buga. Ta zura waƙar, wadda ta kwafe da hannunta, tsakanin littattafan.

Ko Ja'afaru ba ta gaya wa ba.

Bayan wata biyu Abarshi ya dawo. Da hantsi ya aiko da amsar, Ja'afaru na bakin ƙofa yana kwafi. Mairama ta warware takardar, idonta ya riga bakinta kaiwa ƙasa.

Malam Usman ya karanta waƙar. Ya ce shi ma ɗan makiyaya ne, ya yi kuka har ɗalibansa suka tsorata. Ya ce an yi mata kwafi ya fi ashirin, ana rera ta a zauruka. Ya ce a turo masa mai waƙar, zai zaunar da shi a gidansa ya karantar da shi, ya ba shi takarda iyakar son ransa.

Tana iya tsallakewa. Ba wanda zai sani. Baba ba zai gane abin da ta yi ba, Ja'afaru kuma zai ci gaba da zuwa kullum da hantsi har illa ma sha Allahu.

Ta dube shi ta cikin asabari. Ya duƙufa yana kwafar maganar wani, harshensa a ɗan waje kamar mai koyon ɗinki.

"Ina jin ki, Uwata."

Ta karanta duka. Ba ta bar ko harafi ba.

Alƙalamin Ja'afaru ya faɗi ƙasa.

"Wace waƙa?" Nababa ya tambaya. "Ni ban aika da waƙar shanu ba."

"Ni na aika, Baba."

"Da sunan wa?"

"Da... da sunanka."

"Na ce ki karanta mini. Kika karanta. Na buga hatimina."

"Baba, ka ji fa abin da ya ce! Ya yaba, ya gode maka..."

"Ba shi na tambaye ki ba!" Ya buga sandarsa a ƙasa. Sai kuma muryarsa ta sauka, ta zama ƙarama, wadda ta fi tsawar ciwo. "Shekara biyar da idonki nake gani. In kin ce fari ne, fari ne. Yau ki gaya mini, wasiƙa nawa kika karanta mini rabi?"

"Wallahi wannan kaɗai! Wallahi, Baba!"

"Da me zan sani?"

Hawaye suka zubo mata.

"Baba, laifina ne," Ja'afaru ya ce, "ni na kawo..."

"Ba ruwanka, yaro. Allah ya sa alheri. Tashi ka kira mini Liman." Ya juya fuskarsa wajen asabarin. "Mairama, shiga gida."

Tun tana ƙarama bai taɓa kiran ta da sunanta ba, don sunan mahaifiyarsa ne.

Daga ranar Liman Jumare ne yake zuwa ya karanta masa wasiƙu.

Kwana uku bayan haka, Baba ya tafi masallaci sallar la'asar, Ja'afaru ya yi sallama a ƙofar zaure. Karo na farko ta fito ta tsaya gabansa ba asabari.

"Me ya sa kika yi haka, Mairama?"

"Don waƙar ta cancanta."

"Shi ke nan?"

Ta sunkuya tana murza gefen mayafi.

"Ni dai bari in faɗa," ya ce. "Na zo garin nan ba ni da kowa. Da safe in na farka ba ni da dalilin tashi. Muryarki ce ta zame mini dalili. Ina son ki, sanyin raina. Ki aure ni mu tafi tare."

"Baba fa?"

"Mu tafi da shi!"

"Ba zai bar zauren nan ba. Nan Gambo zai neme shi in ya dawo. Kullum haka yake cewa."

"To na fasa Zariyar."

"Kada ka soma!" Ta ɗago kai, idanunta jajur. "Na zubar da amanar ubana saboda waƙar nan. In ka zauna, na zubar da ita a banza ke nan. So kake ka tsufa kana kwafar maganar wasu a bakin ƙofa?"

"In dai kina bayan asabarin..."

"A'a, Ja'afaru."

"To ki ce ba kya so na. Ki faɗa in ji, sai in iya tafiya."

Ta dube shi ido cikin ido.

"Na yi ƙarya sau ɗaya, ka ga abin da ta jawo mini. Ba zan ƙara ba. Ina son ka... ina son ka fiye da yadda zan iya faɗa. Ka tafi."

Duk da haka ya tura Liman wurin Nababa neman aurenta. Amsar ba ta da tsawo.

"Bazawara ce, ita ke da ta cewa. In ta ga dama ta bi shi. Ai ta saba yanke wa kanta hukunci."

Mairama na tsakar gida ta ji. Ta aika wa Liman cewa a ba shi haƙuri.

Ranar da ayarin ya tashi ta ɗauki tulu ta fita kamar za ta rafi. Ta tsaya gindin ganuwa tana kallon jakuna suna shiga daji ɗaya bayan ɗaya. Ja'afaru ne na ƙarshe, da sandarsa a kafaɗa. Ya waiwayo sau ɗaya, bai gan ta ba. Itatuwa suka rufe shi. Ta koma gida da tulun ba ruwa.

Watannin da suka biyo baya ba su da labari. Ta dafa, ta kai wa Baba, ya ce "Madalla," ta kwashe kwano. Ta zuba masa ruwan alwala, ta wanke masa riga. In baƙo ya yi sallama, sai ta ji ƙafarta ta nufi zaure da kanta, sannan ta tuna ta koma. Takan zauna bakin murhu tana jin muryar Liman yana jan karatu da ƙyar, yana tuntuɓe a inda ita da ta wuce a guje.

Duk zuwan Abarshi yakan ce, "Ɗan Fulanin nan ya ce a gaida Malama." Iyakarta ke nan. Takan riƙe kalmomin nan ta yi ta juya su har wani zuwan.

Liman mutumin kirki ne, amma ba ya gane littafi mai kyau da marar kyau. Wani kwafin fikihu da ya ce lafiya lau ne, aka dawo da shi daga Zariya an ja layi ƙarƙashin kurakurai. Ba a taɓa mayar wa Nababa da littafi ba sai ranar. Bai ci tuwo ba, bai kuma kira ta ba. Tari ya kama shi tun daga lokacin, ya fara ramewa.

Ana gab da faɗuwar damina wani tsohon Bafulatani ya yi sallama. Mairama na shara kusa da ƙofar zaure ta ciki, tana jin su.

"Kai ne Nababa? Daga wajen Kuyambana nake. Ba ni da littafi, gaisuwa na kawo."

"Gaisuwar me?"

"Waƙar Wule. A kasuwa na ji wani yana rera ta, na zauna a ƙasa. Shanu ɗari da nake da su, tun da suka mutu ban yi hawaye ba, ban kuma iya haɗa ido da iyalina ba. Ranar na yi kuka, na koma gida na ci abinci. Aka ce mini kai ka fitar da ita. Allah ya saka maka."

Tsintsiyar ta tsaya a hannun Mairama.

Sannan ta ji muryar mahaifinta.

"Ba ni ba ne. Ni korar ta na yi. 'Yata ce."

Da baƙon ya tafi, Baba ya yi gyaran murya.

"Uwata..."

Ta saki tsintsiyar ta shigo da gudu ta durƙusa gabansa.

"Na'am, Baba! Na'am!"

"Takardun yaron nan suna nan?"

"Suna nan."

"Karanta mini. Baiti ɗaya kawai na bari kika karanta, na yanke hukunci."

Ta ɗauko ta karanta masa sittin ɗin. Hawaye na bin gemunsa bai share ba.

"Shekara talatin na san abin da alƙalai suke so," ya ce. "Ban taɓa tambayar abin da sauran mutane suke bukata ba. Amma abin da kika yi mini ba daidai ba ne."

"Na sani, Baba. Ka yafe mini..."

"Na daɗe da yafewa. Girman kai ne ya hana ni faɗa. Ni ma ki yafe mini, na bar ki ke kaɗai a gida muna ciki tare." Ya lalubo kanta ya dafa. "Ɗauko alƙalami."

Ta ɗauko.

"Rubuta: Zuwa ga ɗana Ja'afaru. Bayan gaisuwa, na ba ka Mairama. Ka zo."

"Baba, ba zan bar ka ba..."

"Wa ya ce ki bar ni? Ni ne zan bar ki, Uwata, ina jin jikina. So nake in san hannun da na bar ki a ciki. Rubuta!"

Ta rubuta tana kuka, har ta ɗiga wa takardar.

Sai dai wasiƙar ba ta tafi da wuri ba. Ruwa ya sauka, koguna suka cika, aka kuma ce mahara sun tare hanyar daji. Abarshi ya ce ba zai jefa mutanensa ba. Sai tsakiyar damina aka sami wasu fatake masu ƙarfin hali suka karɓa. Kullum Baba yakan tambaya, "An yi sallama?" Ita kuma ta ce, "Tukuna."

Dawa na fitar da kai Baba ya rasu, ranar Talata da walaha, kansa a kan cinyarta. Kafin nan ya kira Liman ya damƙa masa waliccin aurenta a gaban shaidu.

Mata suka cika gidan kwana bakwai, sannan kowacce ta koma nata. Matar Liman ta ce ta dawo wurinsu, Mairama ta ce a bar ta tukuna. Ba ta san ko wasiƙar ta isa ba. Ba ta san ko fataken sun tsira ba. Wataƙila ma ya yi aure a can, wa zai ga laifinsa? Ta share zaure kullum, ta kakkaɓe buzun da ba mai zama. Aka yi sadakar arba'in, gidan ya sake yin tsit.

Kwana huɗu bayan nan tana zaune a zaure da hantsi ta ji taku daga lungu. Ta miƙe tsaye tun kafin a yi sallama.

Ja'afaru ne. Ya rame, ya yi baƙi, rigarsa duk ƙaya ta yage ta. Ya tsaya a bakin ƙofa yana haki, idonsa ya sauka a kan buzun.

"Ina Baba?"

Ta girgiza kai.

"Inna lillahi..." Ya zame ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska. "Fataken sun daɗe a hanya, kwana tara ke nan da wasiƙar ta zo hannuna. Ban jira ayari ba, Mairama, ni kaɗai na ratso dajin. Na ce zan same shi... na ce zan durƙusa in gode masa..."

"Ya san za ka zo. Har ranar ƙarshe yana cewa a ajiye maka tabarma."

Suka yi kuka, shi a bakin ƙofa, ita a jikin bango. Da ya natsu ya ɗago ya dube ta sosai, ya ga yadda wuyanta ya zurma.

"Hasken idona... kin ci abinci yau?"

Ta buɗe baki za ta ce e, sai ta tsaya. Ta yi ƙoƙarin tuna ranar da wani ya yi mata wannan tambayar, ta kasa.

"Ban hura wuta ba," ta ce. "Tun shekaranjiya. Ba na iya dafa na mutum ɗaya."

Ya tashi ya fita da sauri. Ta ɗauka wurin Liman ya nufa, sai ga shi ya dawo da fura a ƙwarya daga kasuwa. Ya dama da hannunsa, ya ajiye a gabanta, ya ja da baya ya zauna.

"Sha. Ba inda za ni sai kin shanye."

"In na shanye fa?"

"Sai in je wurin Liman. Shi ma ba zan bar ƙofarsa ba sai ya sa rana."

Liman bai ja lokaci ba. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci aka ɗaura auren, ba kiɗa ba guɗa saboda rasuwar. Mairama na ɗaki matar Liman ta shigo ta ce mata an shafa fatiha. Ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka mai yawa, na Baba da na kanta a haɗe.

Da la'asar Ja'afaru ya shigo tsakar gidan, karonsa na farko. Ya tsaya yana dube-dube kamar baƙon da ya ɓata hanya.

"Ina zan ajiye sandata?" ya tambaya.

Ta share ido, ta miƙa hannu biyu ta karɓa.

"Kawo," ta ce. "Ka iso gida."